Ƙayar Tsohon Duba-gari

Shekara talatin da huɗu ya yi yana shiga gidajen mutane babu gayyata. Ma'aikacin tsafta ne, irin waɗanda ake kira duba-gari: ya leƙa kwata, ya ɗaga murfin durom ɗin ruwa, ya tsaya a bakin banɗaki ya shaƙi iska sau biyu, sannan ya zaro biro. Ya ajiye aiki tuntuni, amma sunan bai ajiye shi ba. A layinmu har gobe Duba-gari ake ce masa, kuma in ya fito da safe sai ka ga mata suna janye kwandon shara zuwa bayan ƙofa. Ba tsoro ba ne, jiki ne kawai ya saba.

Siriri ne dogo, wuyan rigarsa kullum a tsaye kamar an cusa masa kwali. Abin da aka fi saninsa da shi sandarsa ce, wata santala mai kaiwa ƙirji, wadda tafin hannu ya goge ta har tana sheƙi. A daidai gwiwar mutum an zagaye ta da jan fenti. Wannan jan layi shi ne iyakar duniya a wurinsa.

Dalili kuwa, akwai sashe biyu a ɗan littafin dokokin tsafta da shi ya rubuta su da hannunsa tun yana matashi a ofis, kuma yana ji da su fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Sashe na bakwai ya ce duk shukar da ke tsakar gida, ban da bishiya, kada ta wuce jan layi, don kada maciji ya sami mafaka. Sashe na takwas ya ce duk tsiro mai ƙaya da ba ya fure, ba ya kuma ba da abin ci, ciyawa ne, a tuge shi.

Da waɗannan sassa biyu ya aske unguwa tas. Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan Duba-gari, ya taɓa ɗaura tumatir a jikin kara, ya yi kyau har 'ya'yan sun fara ja. Sanda ta zo ta tsaya kusa da shi, almakashi ya biyo baya. Shekara ashirin ke nan, amma in Tela yana ba da labarin sai ka rantse jiya aka yi, har yawan 'ya'yan yana ƙaruwa duk shekara.

Bai kuma bar gidansa ba, nan ne ma abin ya fi ciwo. Autarsa tana 'yar shekara tara ta shuka wani fure a gwangwanin madara, ta mayar da shi gindin katanga, tana ba shi ruwa da kofin shan ruwanta. Furen ya miƙe, ya yi toho, ya wuce jan layi da yatsa uku. Wata safiya kafin ya tafi ofis uban ya auna, ya datse, ya rubuta wa gidansa takardar gargaɗi, ya sa hannu a wurin jami'i, ya sake sa hannu a wurin maigida. Auta ba ta yi kuka ba. Ta wanke gwangwanin ta kife shi a kan taga. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa mai nisa, tana kiran uwarta a waya duk mako, tana gaishe da ubanta a ƙarshen hira, gaisuwar da ba ta wuce jan layi.

Da ya yi ritaya, gidan ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa. Mutumin da ya saba duba gida arba'in a rana ya wayi gari da gida ɗaya tal. Yakan duba shi sau arba'in.

"Malam," in ji matarsa wata rana, ya buɗe tukunyarta karo na uku, "ko dai ka nemi abin yi, ko ni in nemi inda zan je."

Ita ta kai ƙararsa wurin Auta. Bayan wata guda aka kawo ɗan ƙunshi. A ciki akwai fakitin iri mai hoton wani fure shunayya, kamar tuntun hula, zaune a kan wani ƙulli mai ƙayoyi. Sunan da ke jiki babu wanda ya iya furta shi a layinmu, har da malamin makaranta. Akwai kuma guntuwar takarda da rubutun Auta: "Baba, ga wadda ba za ka iya kama ta da hannu ka tuge ba."

Ya karanta sau biyu. Ya ce yarinyar nan ba ta da ta ido. Washegari aka ji ƙarar guduma: Duba-gari yana fasa simintin tsakar gidansa, kusa da ƙofa, inda rana ke yini. Ya fasa murabba'i daidai wa daida, taku biyu kowane gefe, sai da ya auna kusurwoyin.

Iri biyar ya binne, ɗaya ya fito. Shekarar farko ƙayar ba ta tashi ba, ta baje ganyenta a ƙasa kamar tauraron da ya faɗo ya ƙi mutuwa. Ganyen kore ne mai fararen jijiyoyi, sai ka ce an zubar da madara a kai ta bi tsagogi ta bushe, kuma kowane lungu na gefensa da allura a tsaye. Duba-gari ya kamu da sonta nan take. Ga shuka mai tarbiyya, ta kwanta a ƙasa, ba ta ko kusanci jan layi ba, kuma ba ta barin kowa ya taɓa ta. Maƙwabta suka ce ai ya sami 'yar'uwarsa.

Son nasa ya kusa kashe ta. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Ya samo taki ya tula mata. Ganyen ya fara rawaya, gindin ya yi laushi yana wari. Matarsa ta kira Auta ta miƙa masa wayar.

"Baba, ka rabu da ita," in ji Auta. "Ba ta son ruwa da yawa, ba ta son taki. Ƙasa mai tsakuwa take so, da rana. Sau ɗaya a mako ya ishe ta."

"Sauran kwana shidan fa, me zan yi mata?"

"Babu komai."

"Babu komai ba aiki ba ne."

"Shi ne aikin, Baba."

Ya kwashe takin, ya zuba yashi da tsakuwa. Rabuwa da abu kuwa ita ce sana'a ɗaya da bai taɓa koya ba. Ranar ban-ruwa yakan tashi da fara'a. Sauran ranakun sai a gan shi tsaye a kanta da bokitin da babu komai a ciki, kamar wanda ya zo gaisuwa aka ce masa mutanen gidan suna barci. Ƙayar ta warke, ta ƙara faɗi, ta yaga wa matar gida zane biyu a hanyar zuwa igiyar shanya.

A shekara ta biyu, bayan ruwan farko, wani kara ya ɓullo daga tsakiyar tauraron. Kauri gare shi, da fukafukai masu ƙaya a jikinsa, yana hawa sama kamar an kira shi. Duba-gari ya ɗauko sanda. Kwana tara karan yana ƙarƙashin doka. Rana ta goma ya leƙa saman jan layi. Ya sa safar hannu, ya kawo almakashi, ƙyas.

"Me ka yi haka?" in ji matarsa daga bakin kicin.

"Ta wuce."

"To ai a can saman furen yake fitowa. Ba ka ga hoton ba?"

"Hoton bai nuna gwiwar kowa ba. In tana da niyyar fure, ga fili nan daga ƙasa har zuwa layi. Wa ya hana ta?"

"Kai ma da an datse ka a gwiwa, da ban san inda za ka sa hula ba."

Bai kula ta ba. Ƙayar ta sake turo wani karan daga gefe, ya datse. Ta turo biyu a tare, ya datse su a tare. Haka suka yi shekara biyu cur, ita tana nema, shi yana hanawa, kuma kowannensu bai gaji ba. Yana sonta, wannan babu shakka. Yana cire mata busasshen ganye da ɗan hantsaki, yana tsince ƙananan ƙwari daga bayan ganyen ɗaya bayan ɗaya, hannayensa duk tabon ƙaya. Abin da ya kasa fahimta shi ne yadda shukar da ake yi wa wannan hidima za ta ƙi yin fure a inda doka ta tanadar mata. Ya ce taurin kai ne. Matarsa ta ce ta san inda ta gado shi.

Duk wannan a kan idon Tela, wanda kekensa ke bakin taga. Shekara uku yana taka keke yana kallon ƙaya marar fure a gidan mutumin da ya rubuta sashe na takwas. Ran nan ya rufe shago da rana tsaka, ya sa sabuwar riga, ya tafi ofishin tsafta.

Wadda aka turo mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai tabarau da jakar takardu. Duba-gari ne ya koya mata aiki lokacin da aka ɗauke ta, shi ya nuna mata yadda ake ɗaga murfi ba tare da an ɓata hannun riga ba. Ta yi sallama, ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar Mama, ta sha ruwa. Sannan ta buɗe jaka, tana kallon ƙasa.

"Baba, an kawo ƙorafi."

"Yi aikinki, 'yata. Kada ki dubi fuskata."

Ta dubi ƙayar. "Tana fure?"

"Tana da niyya."

"Tana ba da abin ci?"

"A'a."

"To Baba, ka san sashen."

"Ni zan gaya miki sashen? Na takwas. Layi na biyu akwai waƙafi da suka manta ba su buga ba."

Ta rubuta takarda: kwana talatin, ko a ga fure, ko a tuge. Ya karɓa, ya duba, ya nuna mata inda ta manta kwanan wata. Da ta tafi ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida har inuwa ta juya.

Ya yi tunanin ya sake mata wuri, ya kai ta bayan ɗaki inda idon Tela ba ya kaiwa. Ya tona gefe kaɗan ya tarar saiwar guda ce, doguwa, ta nutse ƙasa kamar ƙusa. In aka cire ta, ta mutu. Ya mayar da ƙasar. Lissafin a fili yake, kuma shi ya ɗaure kansa da hannunsa tun yana saurayi: in bai bar ta ta wuce layi ba, ba za ta yi fure ba, sashe na takwas ya cinye ta. In ya bar ta ta wuce, shi ya karya sashe na bakwai, a gidansa, a gaban Tela.

A lokacin akwai sabon kara yana tasowa. Kwana na shida da takardar ya iso jan layi. Duba-gari ya fito da safe da sanda da safar hannu da almakashi, ya tsaya. Matarsa tana shara, ba ta ɗago kai ba.

"Gwangwanin nan yana nan, ka sani," ta ce.

"Wane gwangwani?"

"Na Auta. Da za ta tafi ta ce in ajiye mata. Yana cikin akwatina."

Tsintsiya ta ci gaba da tafiya a kan siminti. Ya daɗe a tsaye, almakashin a buɗe kamar bakin da ya manta abin da zai faɗa. Can ya rufe shi, ya miƙa mata.

"Wannan ya dakushe. Ki ajiye shi sai an sami mai wasawa."

"Jiya ka wasa shi."

"Na ce ya dakushe."

Daga nan ya ɓullo da dabarar da sai wanda ya yi shekara talatin da huɗu a ofis zai iya tunaninta. A aikinsu, abin da jami'i bai gani da idonsa ba bai faru ba. Saboda haka ya daina gani. Ya jingine sanda a bayan ƙofar ɗaki. Ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. In zai fita sai ya bi ta gefen ƙayar yana kallon sama kamar mai duban hadari. Ranar ban-ruwa kuwa da baya da baya yake zuwa, ya miƙa bokiti ta bayansa ya tuttula, rabi a kan shukar, rabi a kan dugadugansa. Sau biyu ya ja baya fiye da kima, sai da matarsa ta zauna da hantsaki tana cire masa ƙaya daga inda ba a faɗa.

Tela ya leƙo ta taga. "Ranka ya daɗe, wuyan ne ya ƙage? Na ga kwana biyu ba ka kallon gabas."

"Ka kula da ɗinkinka. Aljihun da ka yi mini bara har yau a karkace yake."

"Ai na ga wani abu yana tsawo a gidanka, na ce ko ba ka lura ba."

"Ban samu rahoto ba."

Rahoto kuwa yana samu, ta bayan fage. Kullum da safe in matarsa ta kawo masa shayi sai ta ce, "Mutuniyarka tana gaishe ka." Sai ya ce, "Tana lafiya?" Sai ta taɓa cinyarta, ko ƙugunta, daga baya haƙarƙarinta, wato inda tsawon ƙayar ya kai. Shi kuma ya kurɓi shayi yana kallon bango, kunnuwansa suna motsi. Kwana na ashirin ta dunƙule hannu ta nuna masa: toho ya fito, guda uku. Kwana na ashirin da takwas tohon yana nan a dunƙule, kore, ya ƙi buɗewa. Duba-gari ya kasa cin abinci. An ji shi da rana yana yi wa bango magana a hankali, yana cewa ai shi bai taɓa roƙon kowa alfarma ba, amma kwana biyu suka rage.

Ranar ta talatin jami'ar ta iso da hantsi. Tela ya riga ta zuwa, da tef ɗin awonsa a wuya, da mutum shida na layi da suka ce wucewa kawai suke yi. Duba-gari ya fito daga ɗaki, ya juyo, ya dubi ƙayarsa karo na farko cikin kwana ashirin da huɗu.

Ta kai masa ƙirji. Ta yi rassa, kowane reshe ɗauke da ƙulli mai sulke, kuma a kan na tsakiya, wanda ya fi kowanne tsawo, fure ya buɗe. Shunayya ne mai zurfi, siraran zare ɗari a tsaye, laushinsa kamar ba daga jikin wannan masifaffiyar ya fito ba. Wani ƙudan zuma ya riga kowa sanin labari, ya nutsa kansa a ciki, ƙafafunsa na baya kawai ake gani. Duba-gari ya matso kusa. Ya cire hularsa, ya rasa dalili, ya mayar.

"Fure ne," in ji jami'ar, ta rubuta. "An rufe ƙorafi."

"A'a, tsaya, ranki ya daɗe," in ji Tela, yana warware tef. "Sashe na bakwai fa? Gwiwa aka ce. Wannan ko gwiwar raƙumi ce ta wuce ta."

Kafin ta amsa, Duba-gari ya shiga ɗaki ya fito da sandarsa. Ya kafa ta kusa da ƙayar da hannunsa. Jan layin ya ɓace can ƙasa cikin ganye.

"Gaskiyarsa," ya ce. "Na gani yanzu, da idona. Rubuta, 'yata. Ba a taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ba za a fara a kaina ba."

Jami'ar ta gyara tabarau. Ta dubi Mama, kamar mai neman taimako. "Baba, ai babu sashe na bakwai. An soke shi."

"An me?"

"Wata uku bayan ka ajiye aiki. An duba takardun shekara talatin, ba a sami inda aka taɓa kama maciji a cikin tumatir ba."

Ƙudan zuman ya ci gaba da aikinsa a cikin furen.

"Wa ya kawo shawarar?"

"Ni ce, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Amma na bi tsarin rubutun da ka koya mini."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wannan ya ɗan rage zafi. Tela ne ya fara farfaɗowa. Ya ce wato shekara huɗu ke nan da yana iya shuka tumatirinsa har ya taɓo rufi, babu wanda ya gaya masa? Jami'ar ta ce an manna sanarwa a allon ofis. Tela ya ce shi allon ofis yake kwana? Ya naɗe tef ɗinsa ya fita yana faɗa da gwamnati gaba ɗaya, mutum shidan suka bi shi, tunda can abin kallon ya koma.

Duba-gari bai motsa ba. Iska ta taso, ƙayar ta yi layi saboda nauyin kanta, ta karkata har furen ya kusa shafar katanga. Ya dubi sandar da ke hannunsa. Ya danna ta cikin ƙasa sosai, ya ce wa matarsa ta ba shi tsumma. Ta yago daga ɗaya cikin zannuwan da ƙayar ta lalata. Ya ɗaure karan a jikin sandar, sassauƙan ɗauri, wuri biyu, ƙaya tana cin yatsunsa bai ko yi tsaki ba.

Sauran tohon suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya. Malam-buɗe-littafi ya riƙa zuwa, ƙananan tsuntsaye suka biyo baya da furen ya fara bushewa. Irin wannan ƙaya in ta yi fure ta zuba iri, ta gama aikinta a duniya, sai ta bushe a tsaye. Kawunan suka fashe, wani farin gashi mai laushi ya riƙa tashi, kowane ɗauke da ƙwayar iri guda, yana tsallake katanga yana sauka a gidajen da Duba-gari ya yi shekara talatin da huɗu yana askewa. Tela yana kakkaɓe shi daga yadin mutane yana cewa baɗi sai ya kai ƙarar layin nan kaf, har da kansa.

A cikin waɗannan kwanaki Auta ta kira, ranar hutunta. Uwar ta riga ta tura mata hoto. Suka yi hirarsu, har aka zo wurin gaisuwar ƙarshe, sai ta ce a ba ta Baba.

"Na ga mutuniyarka," ta ce. "Ta yi kyau."

"Ta yi. Sai dai rashin jin magana."

"Ta kai ina a tsawo?"

Ya juya ya dubi ƙayar, ta bushe ta zama ruwan ƙasa, tana jingine da sandarsa, farin gashi yana tashi daga kanta cikin hasken yamma.

"Ban auna ba," ya ce.

Wayar ta yi shiru, har ya cire ta daga kunne ya duba ko ta katse. Ba ta katse ba. Matarsa ta ce ranar sun yi kusan awa guda suna magana, har shayinsa ya huce, ya sha shi haka nan bai ce a sake ɗumamawa ba.